Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Majalisar Dokokin Jigawa: A Yi Wa Gonakinmu Doka Kafin Jirgi Ya Iso

Zuwa ga Mai Girma Kakakin Majalisar Dokokin Jihar Jigawa, da sauran 'yan majalisa masu wakiltar mazaɓu 30 na jiharmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku. Allah Ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku, amin.

Ni tsohon malamin firamare ne, yanzu noma nake yi, kuma ni ne ke riƙe wa ƙungiyar manoman ƙauyenmu littafi a nan ƙasar Ringim, gefen Kogin Haɗeja. Ba da bakina kaɗai nake magana ba. Bayan an kai amfanin gona gida mun zauna, manoman tudu da na fadama, da Fulanin rugagen da ke kewaye da mu, da masunta, da wakilan matan da ke sana'ar turara shinkafa da casa, aka ce tunda ni ne mai alƙalami in rubuta muku. Abin da ya tayar da maganar shi ne, a kai a kai muna ji a rediyo an tarbi masu zuba jari a Dutse, an yi musu albishir da cewa Jigawa na da filin noma mai yawa. Har yau ba mu ji ranar da aka ce Majalisa ta kira masu noma wannan fili ta tambaye su yadda za a yi da su ba.

Kada wani ya juya mana magana, ba ma ƙin ci gaba. Wanda ya san Dutse a 1991, shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano, ya kuma ga Dutsen yau mai jami'ar tarayya tun 2011 da filin jirgin sama tun 2014, ya san an yi tafiya. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda zai ratsa Kazaure, da reshe mai zuwa Dutse. A 2023 aka buɗe aikin noman rani na kwarin Haɗeja a Auyo, kafin shekarar ta fita kuma gwamnatin tarayya ta zo ƙasar Haɗeja ta ƙaddamar da shirin noman alkama. A 2024 aka sa hannu a dokar Hukumar Raya Arewa maso Yamma, wadda Jigawa ke cikin jihohinta bakwai. Ga Kano kuma a gefenmu ta cika ta batse, tana neman inda za ta zuba kuɗinta da mutanenta. Mun yi murna da duk wannan, muna addu'ar Allah Ya nuna mana kammaluwar abin da ya saura. Tsoronmu guda ne. Duk waɗannan abubuwa ƙasa suke buƙata, ƙasar kuwa tana hannun mutanen da ba su da takarda.

Iyayenmu sun taɓa ganin irin wannan buɗi. Jirgi ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi daraja, wajen 1930 aka ja layi zuwa Nguru ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori. Garuruwan tasha suka cika da kantuna da 'yan awo da baƙi daga kudu. Amma a wancan zamani gyaɗar ake so, ba gonar ba. Ɗan awo ya danne manomi a sikeli ya tafi, gona tana nan. Shi ya sa da farin 1973 ya zo, cuta kuma ta biyo baya ta kashe gyaɗar a 1975, mutanenmu suka koma wa geronsu da dawarsu da wakensu, aka sha wuya amma gari bai watse ba. Mai kuɗin yau ba buhu yake tayawa ba, gonar yake taya. Ranar da wannan kasuwar ta faɗi, 'ya'yanmu ba su da inda za su koma.

Ranku ya daɗe, kun fi mu sanin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, amma ku bari mu faɗa muku yadda take idan ta iso ƙauye. Dokar ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta bar wa ƙaramar hukuma ikon ba da haƙƙin riƙo na gargajiya a karkara, ta kuma yarda wanda ta tarar yana noma gonarsa ya ci gaba da riƙonta. To, a garinmu da wuya ka sami mai gonar da zai shiga ɗaki ya fito maka da takarda. Shaidarmu ita ce mai unguwa, da maƙwabcin iyaka, da kuka ko tsamiyar da kakan wane ya bari a kan iyakar. Wannan shaida tana aiki a gaban dagaci, tana aiki a gaban alƙali ranar rabon gado. Ba ta aiki ranar da safiyo ya sauko daga mota da taswira. Doka ta ba gwamna ikon karɓe fili saboda amfanin jama'a, diyyar da ta tanada kuma ta abin da ke kan ƙasar ce, wato shuka da bishiya da gini, ba ta ƙasar kanta ba. Ke nan idan aka zo ƙiyasi da rani, lokacin da gonar tudu ba ta da komai sai kara da 'yan bishiyoyi, abin da za a miƙa wa mutum ba zai saya masa ko gefen wata gonar ba. Haka nan gwamna na da ikon ayyana wuri a matsayin birni, daga ranar nan maganar ƙasar wurin ta tashi daga ƙaramar hukuma ta koma Dutse. Duk ƙauyen da tashar jirgi ko babbar hanya ta sauka kusa da shi, abin da ke jiransa ke nan.

Ba hasashe muke yi ba. Kowa a Jigawa ya ji koken da manoma suka yi ta yi a shekarun baya, da aka ware kimanin hekta 12,000 don noman rake da masana'antar sukari a Gagarawa da sassan Taura da Garki da Sule Tankarkar. Ba mu ce kada a yi sukari a Jigawa ba. Da a ce tun farko akwai doka a fili mai cewa ga yadda za a tuntuɓi mutane, ga abin da za a ba su, ga inda za su koma su yi noma, da shi kansa mai zuba jarin ya fi samun kwanciyar hankali.

Abin da ya fi wannan ci mana tuwo a ƙwarya shi ne cinikin da babu gwamnati a cikinsa, wanda ake yi shiru, gona ɗai-ɗai. Tun da shinkafa ta yi kuɗi bayan rufe iyakoki a 2019, dillalai ke zarya a fadamarmu da alhazan birni a bayan mota. Ina da maƙwabcin iyaka da ambaliyar 2022 ta cinye wa shinkafa, ga bashin taki a wuyansa, ga mai ɗakinsa a asibiti. Ya jinginar da fadamarsa. Shekara ta zagayo bai iya fansa ba, aka ce a cika masa kuɗi ya bar wa mai jinginar. Yanzu shi da 'ya'yansa ke yin dashe a cikinta, a sallame su da yamma. Bai kai ƙarar kowa ba, don a wajensa ciniki ya faɗa a gaban shaidu, kuma gaskiyarsa. Amma Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Da akwai inda talaka zai sami rancen gaggawa a shekarar ambaliya, da gonar nan tana hannunsa, da wasu da yawa irinta daga nan har Auyo da Miga. Waɗanda ba a ma jin kukansu su ne mata. Kason gadon mace yawanci a cikin gonar 'yan'uwanta maza ake barinsa, ba a cire ba, ba a rubuta ba. Idan aka sayar sai dai a aika mata da ɗan abin da aka ga dama.

A wajen kasuwa kuwa, muna noma riɗi, muna noma zoɓon da har Meksiko ake kai shi, muna noma shinkafa da alkama. Mafi yawansu ɗanye suke fita. A Dawanau ake tacewa a yanka farashi, can aikin yi yake tsayawa, can haraji yake tsayawa. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa yankin cinikin fitar da kaya a Maigatari, an haura shekara 20, har yau tirelolin riɗinmu Kano suke fuskanta. Jirgi ba zai gyara wannan da kansa ba. Idan ba a kafa wuraren tacewa da sarrafawa a nan ba, abin da zai ƙara kawai shi ne saurin kwashe ɗanyen kaya. Manyan injinan casa kuma tun a bakin gona suke saye shanshera, matan da suka rayu da turara buhu biyu su casa su kai kasuwar Gujungu sun fara rasa abin saye. Da wannan sana'a suke yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki, da ita zawarawa ke ciyar da marayu. Mutanen Maigatari da Ɓaɓura ma sun ga yadda kasuwar iyaka take, an rufe a 2019 sai Disambar 2020 aka buɗe, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023 sai Maris ɗin 2024. Tattalin arzikin da ya dogara ga wucewar kaya kaɗai, sanarwa ɗaya daga Abuja ko Yamai ta isa ta tsayar da shi.

Sai ruwa. Kogin da muke rayuwa a kansa daga Kano yake zuwa, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ba damina kaɗai ke juya shi ba, hannun mutum ke juya shi. Ruwan da ake saki rani da damina ya sa kacala ta yaɗu ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasar Haɗeja, wani wuri ya nutse, wani ya bushe. Duk ƙaruwar da birnin Kano ya yi, ƙarin ruwan sha ne za a ɗiba a sama, ƙarin noman rani ne a Kura da Kadawa, ƙarin dattin masana'antu ne zai gangaro mana. Mun ga ambaliya a 2020, mun ga wadda ta fi ta a 2022. Haka burtali da mashaya. Kowace sabuwar gona mai shingen waya tana datse wata hanyar shanu, shanun kuma ba za su tashi sama ba, gonar talakan da ba shi da shinge za su faɗa. Daga nan sai faɗa tsakanin mutane biyu da babu wanda ya ci ribar shingen a cikinsu.

Ba za mu wuce ba mu ambaci Majiya ba. A Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi ta kama da wuta a can, fiye da mutum 150 suka rasu, Allah Ya jiƙansu Ya ba iyalansu haƙuri. Manyan motoci kullum ƙaruwa suke a hanyar Kano zuwa Haɗeja, garuruwan bakin hanya kuwa suna buƙatar motar kashe gobara da wurin ɗaukin gaggawa a kusa da su.

Yanzu ga abin da ya shafe ku kai tsaye, ranku ya daɗe. Manomin da ke da abincin shekara a rumbunsa yana iya kallon ɗan takara ya ce masa a'a. Ɗan ƙwadagon da ke jiran sallamar yamma, da wanda aka ba iri da taki bashi za a cire a kaka, ba su da wannan bakin. Inda mai gona ya nuna, nan za su dangwala. Idan fadamar mazaɓa guda ta koma hannun 'yan tsirarun mutane da ke zaune a Kano ko Abuja, su ne za su riƙa zaɓar wanda zai hau kujerar da kuke kai yau, ku ma sai kun biya ta ƙofarsu kafin ku iso wajenmu. Masu unguwanni da dagatai, waɗanda su ne rajistarmu, sun shiga tsaka mai wuya. Abin da suke samu bai taka kara ya karya ba, la'adar gona ɗaya kuwa ta fi abin da za su gani a watanni. Da yawansu sun tsaya a kan gaskiya, muna shaida. Amma duk garin da dagaci ya zama dillali, ranar da rigima ta tashi babu mai jin maganarsa, kuma ku kun san sulhun ƙofar dagaci ne ke rage wa kotu da 'yan sanda aiki.

Akwai kuma maganar daidaito tsakanin sassan jiha. Rabon da a ƙirga mu tun 2006, lokacin da aka ce mun haura miliyan 4. Tun daga nan Dutse da Haɗeja da Kazaure ke ta kumbura, samarin ƙauye na tafiya ci-rani ba su dawowa, wasu ma sun mayar da katin zaɓensu can inda suke tuƙa Adaidaita Sahu. Jigawa ta zaunu ne a kan fahimtar juna tsakanin masarautu biyar, Dutse da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim, shi ya sa daga 1999 zuwa yau kujerar gwamna ta sauka a ƙasar Kazaure, da ta Dutse, da ta Ringim, da ta Haɗeja, ba tare da an tayar da jijiyar wuya ba. Idan jirgi ya ɗaga Kazaure da Dutse, noman rani ya ɗaga kwarin Haɗeja, aka bar tudun arewa, su Garki da Ɓaɓura da Sule Tankarkar da Birniwa, da rairayi da ƙarancin ruwa, wannan fahimtar ba za ta ɗore ba. Kukan da ya sa iyayenmu suka nemi Jigawa shi ne komai a birnin Kano yake tsayawa. Kada Dutse ta zame wa ƙauyukanta abin da Kano ta zame mana a da.

Zaman garin ma ya fara sauyawa, ta inda ba a lura. A da idan aka yi sussuka a nan ake fitar da zakka, malamin tsangaya ya samu, gajiyayye ya samu. Yanzu amfanin babbar gona daga bakin inji sai cikin tirela, idan ma an fitar da zakkar, a wata unguwa a birni za a raba ta. Tsofaffin mata da ke bin gona suna kala bayan girbi, maigadi ke tarar su a bakin shinge. Aron gona ga baƙo ko sabon ango ya zama haya. Gayya ta ja baya, don ba a yi wa kamfani gayya. Baƙin da za su zo aiki muna maraba da su, ƙasar nan ba ta taɓa korar baƙo ba. Abin da ba ma so shi ne garuruwan tasha su tashi irin unguwannin awon igiya na gefen Kano, babu titi, babu magudanar ruwa, an cinye filin makaranta da na idi da maƙabarta.

Mun san ba ku da ikon taɓa dokar 1978, tunda an ɗaure ta a jikin tsarin mulki. Amma kuna da ikon yin dokar yadda za a yi aiki da ita a Jigawa, kuna da ikon kasafi, kuna da ikon kiran kowane kwamishina ya zo gabanku ya yi bayani. A kan wannan muke roƙo.

Babban roƙonmu shi ne dokar rajistar gonakin gado a kowace ƙaramar hukuma cikin 27 ɗin nan. A zo ƙauye a yi awo a gaban maƙwabtan iyaka da mai unguwa, kuɗin ya zama wanda talaka zai iya biya, takardar ta fito da Hausa, boko da ajami, a kuma rubuta sunan kowace mace mai kaso a ciki. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa zuwa hannunsu. Ga aikin da ya cancanci a fara kashe su a kai.

Muna roƙo kada a ƙara ba kowa babban fili sai an yi zaman jin ra'ayi a cikin garin da abin ya shafa, a sanar a masallacin Juma'a da rediyo tun da sauran lokaci. Inda zai yiwu, mai zuba jari ya karɓi haya na shekaru sanannu ko ya sa masu gona cikin ribar, gonar tana nan da sunansu. Inda dole sai an karɓe, a ba mutum gona a madadin gona, a kuma ƙiyasta asararsa da amfanin shekaru, ba da karan da aka tarar ba. Ku sa a buga jerin manyan filayen da aka riga aka bayar, wa aka ba, hekta nawa, shekara nawa, me ya shuka. Wanda ya killace bai noma ba, a sa masa wa'adi, in ya wuce a mayar wa mutanen wurin.

A bi burtali da mashaya da makiyaya a kafa musu alama, a shigar da su taswirar gwamnati, da Fulani da manoma a wajen. A zana tsarin garuruwan da tashar jirgi za ta sauka tun kafin dillalai su yanka fuloti. A ware asusun rancen gaggawa, marar kuɗin ruwa, ga ƙaramin manomin da ambaliya ko fari ya taɓa, don kada jingina ta zama hanya ɗaya da ta rage masa. A saka ƙungiyoyin mata masu casa cikin duk tallafin da za a ba masu sarrafa shinkafa.

Ku zauna da takwarorinku na Kano da hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are a kan rabon ruwa, da sanar da mu kafin a saki madatsa, da yashe kacala. Ku nemi Hukumar Raya Arewa maso Yamma ta faɗi abin da ta ware wa Jigawa, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, ku ma ku riƙa buga kasafin ayyukan jiha a haka, kowa ya ga rabon yankinsa da idonsa.

Kafin ku rubuta ko layi ɗaya na dokar, kwamitocinku na ƙasa da na noma su fito su zaga masarautun nan biyar su ji daga bakin masu gona, a ƙofar hakimi ko filin makaranta, ba a ɗakin taron otal ba. Za mu miƙa wa wakilin mazaɓarmu kwafin wannan wasiƙa hannu da hannu. Muna fatan a sa ranar zaman da rani, domin da ruwa ya sauka babu wanda za a samu a gida.

Allah Ya ƙara muku lafiya da basira, Ya zaunar da jiharmu lafiya. Wassalam.

Naku,
Magatakardan ƙungiyar manoman wani ƙauye a ƙasar Ringim,
a madadin manoma da makiyaya da masunta da mata masu sana'ar casa.